Taki da Tsada, Hatsi da Araha: Wa Zai Koma Gona?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya zauna da manoma a Saminaka ko Giwa ko Dandume tun bayan kakar 2025 ya ji lissafi iri ɗaya a bakinsu. Mutum ya kai buhun masara mai kilo 100 kasuwa, ya sayar, kuɗin bai kai ya ɗauko buhun takin kamfa mai kilo 50 ba. Hekta guda ta masara kuwa, idan za a bi shawarar malaman gona, takan ci buhu takwas ko fiye tsakanin kamfa da yuriya. Ba a yi maganar iri ba, ba a yi maganar huɗa da maganin feshi da kuɗin ƙwadago ba, balle kuɗin motar da za ta fito da amfanin daga gona. To, wanda ya yi wannan lissafi ya ga bai fita ba, da wane ƙarfin gwiwa zai ɗauki garma idan ruwa ya sauka?

Bari mu tuna inda aka fito. A ƙarshen 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙulla yarjejeniya da ƙasar Maroko kan sinadarin fosfet, aka farfaɗo da kamfanonin haɗa taki a jihohi, aka yanka wa buhun kamfa farashin naira 5,500. Ba kowa ya samu a haka ba, dillalai sun ci nasu rabon, amma dai akwai farashin da manomi zai kama suna ya yi ciniki a kansa. Yau wannan kuɗi ya ninka sau da yawa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a watan Fabrairun 2022 ya hargitsa kasuwar taki ta duniya, domin Rasha da Belarus na cikin manyan masu fitar da sinadarin fotash. Daga nan sai namu na gida: ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, makonni kaɗan bayan haka aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Fosfet da fotash da dala ake sayo su. Tirelar da za ta ɗauko taki daga Legas ko Fatakwal zuwa Funtuwa da gas take tafiya. Duk wannan a kan buhu yake sauka, buhun kuma a kan manomi.

Abin da ya fi ci wa manoma tuwo a ƙwarya shi ne yuriya. Ita ba daga waje take zuwa ba. Da iskar gas ɗinmu ake yin ta, a kamfanin Indorama da ke Eleme, da Notore da ke Onne, da katafaren kamfanin Dangote na Lekki da aka buɗe a watan Maris na 2022, wanda shi kaɗai aka gina shi don ya fitar da tan miliyan 3 a shekara. Najeriya na sayar da yuriya har Brazil da Amurka. Amma manomin Bakori yana sayenta kamar daga can aka yo masa odarta, saboda farashinta na bin kasuwar duniya. Ba laifi ba ne kamfani ya nemi riba, don ita ya kafa. Tambayar gwamnati ake yi wa: tunda iskar gas ɗin ta ƙasa ce, me aka tanadar wa manomin ƙasar a cikin cinikin?

A yi adalci, gwamnati ma ta shiga tsaka mai wuya. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta kai kusan kashi 40 cikin 100. Kwanon masara da na shinkafa sun gagari mai albashi, balle marar aikin yi, kuma kowa ya ga abin da ya faru a titunan Kano da Kaduna a zanga-zangar farkon watan Agusta na shekarar. Babu shugaban da zai naɗe hannu a irin wannan hali. Shi ya sa tun a watan Yulin 2024 Ministan Noma Abubakar Kyari ya sanar da dakatar da harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, na tsawon kwana 150. Kaya suka shigo, damina ta yi kyau a wurare da dama, waɗanda suka ɓoye hatsi a sito suka firgita suka fito da shi, farashi ya karye. Mai saye ya yi hamdala, kuma yana da gaskiya.

Inda aka kuskure shi ne an taɓa farashin abin da manomi ke sayarwa, ba a taɓa na abin da yake saye ba. Ya zuba taki da tsadar dala, ya yi ban ruwa da fetur ɗin da ya haura naira 1,000 a lita, sannan ya zo kasuwa ya tarar da hatsin da aka nomo a ƙasashen da gwamnatocinsu ke tallafa wa manomansu, kuma ya shigo ba haraji. Sauƙin da ɗan birni ya samu, daga aljihun ɗan ƙauye aka zaro shi.

Kuma wannan manomin, ba shi ne aka yi ta roƙo jiya-jiya ba? A watan Nuwamban 2015 aka je Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki, aka ce mu noma abin da za mu ci, mu ci abin da muka noma. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, galibi don a tare shinkafar waje. A farkon 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja ana ɗaukar hoto. Mutane suka gaskata. Wasu suka sayar da shanu suka faɗaɗa fadama, wasu suka ci bashi suka kafa injinan gyaran shinkafa a Kano da Kebbi da Jigawa. Shirin bashin yana da nasa aibun, an zuba sama da naira tiriliyan 1, kuɗi masu yawa ba su dawo ba, kuma an sha kokawa cewa wasu da suka karɓa ko hanyar gona ba su sani ba. Sabon shugabancin Babban Banki ya janye hannunsa daga irin waɗannan shirye-shirye. To, an janye, me aka kafa a gurbinsa? Manomi ya wayi gari ba bashi, ba kariya, ba wanda ya gaya masa cewa an sauya tafiya. Noma kuwa ba sana'ar da ake juyawa a mako guda ba ce. Wanda ya shuka shinkafa a Yuni ba shi da damar canza shawara a Satumba don an yi sabuwar sanarwa a Abuja.

Sai mu leƙa wajen masu kiwo, domin nasu labarin ya nuna yadda abin yake a sarƙe. Mai kiwon kaji, kusan kashi 70 cikin 100 na abin da yake kashewa a abinci yake tafiya, abincin kuma masara ce da waken suya. Lokacin da masara ta yi tashin gwauron zabi a 2023 da 2024, ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasa ta yi ta kukan gonaki na rufewa. Matan aure da ke kiwon kaji 50 ko 100 a bayan ɗaki, waɗanda da su ake biyan kuɗin makaranta, su ne suka fara sauka. Ƙwai ya zama sai wane da wane. Yanzu masara ta sauko, sai a zaci sun huta. Sun ɗan numfasa, amma buhun abincin kaji bai sauko daidai da saukar masara ba, domin sinadaran da ake haɗawa a ciki da magunguna da allurai da dala ake shigo da su, injin niƙa kuma da gas ko wutar da ta yi tsada yake aiki. Wanda ya riga ya sayar da kejinsa ya biya bashi, arahar masara ba ta same shi a sana'ar ba. Haka mai kiwon tarwaɗa, haka mai turkar ragon layya da ke auna dusa da harawa kamar magani. An kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a watan Yulin 2024, kuma mataki ne mai kyau, sai dai makiyayi ba da sunan ma'aikata zai auna ta ba, da farashin buhun dusa zai auna ta.

Jami'an gwamnati za su ce ai ana raba taki. Gaskiya ne. An ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a watan Yulin 2023. An ƙaddamar da noman alkama na rani a Jigawa a ƙarshen shekarar da rangwamen rabin kuɗin kayan noma. A watan Maris na 2024 Babban Banki ya miƙa wa Ma'aikatar Noma buhun taki miliyan 2.15. Adadin yana da daɗin faɗa a rediyo, amma a raba shi ga miliyoyin manoman ƙasar nan a ga ko kowa zai samu kwano guda. Sannan ga hanyar rabon: daga Abuja zuwa gidan gwamnati, daga can zuwa ƙaramar hukuma, zuwa mazaɓa, kowane mataki da mai jiran nasa kason. Abin da ya kai ga manomi na gaskiya, sau da yawa sai masara ta fara fitar da kai yake isowa. Takin da ya zo a Agusta, na sayarwa ne a kasuwa, ba na gona ba. A 2012, zamanin Akinwumi Adesina yana Ministan Noma, an gwada tura wa manomi saƙo ta waya ya je wajen dila ya karɓi nasa da rangwame. Tsarin bai rasa matsala ba, dilolin ma sun daɗe suna bin gwamnati bashi, amma ya rage hannayen da taki ke bi. Maimakon a gyara shi, aka bar shi ya mutu.

Abin takaici, a nan Abuja shugabannin Afirka suka taru a 2006 suka yi alkawarin ɗaga amfani da taki zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015. Kafin nan, a Maputo a 2003, an yi alkawarin ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi. Ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron takin ba ta cika ko ɗaya ba.

Manomi dai ba ya yajin aiki, ba ya zuwa gidan talabijin. Amsarsa a gona yake bayarwa. Tuni ake jin masu cewa za su rage masara da shinkafa su koma dawa da gero da riɗi da waken suya, abubuwan da ba sa cin taki sosai. Wasu za su shuka masarar amma su ba ta rabin abin da take buƙata, ta ba su rabin abin da ta saba. Ƙara da gonakin Zamfara da Katsina da Neja da 'yan bindiga suka hana shiga, ko suka ɗora wa haraji. Idan haka ta faru, masara za ta yi ƙaranci, farashi ya sake tashi, mai kaji ya sake rufe gona, a sake buɗe ƙofar shigo da abinci, da dalar da ba mu da ita.

Abin da manoma ke nema bai fi ƙarfin gwamnati ba. Idan farashi ya faɗi ƙasa da abin da aka kashe, gwamnati ta shiga kasuwa ta sayi hatsi a farashin da aka sanar tun kafin shuka, ta cika rumbunanta. Da ma daga cikinsu ta fitar da tan 42,000 a farkon 2024 lokacin da abu ya yi tsanani, kuma rumbun da ake ɗiba dole a mayar masa. A zauna da kamfanonin yuriya a ware kason cikin gida a kan farashin da ya dace da kuɗin gas ɗin da suke saye. A yi aiki da dokar ingancin taki ta 2019, domin babu zaluncin da ya kai mutum ya sayi buhu da tsada ya tarar an cakuɗa shi da yashi. Idan kuma za a sake buɗe ƙofar shigo da hatsi, a faɗi yawansa da lokacinsa, kada ya faɗo daidai da kaka. Gwamnoni su ma da nasu: malaman gona da kamfanonin haɗa taki na jihohi a hannunsu suke. Duk abin da za a yi kuma, a yi shi kafin watan Mayu ya fita, domin a lokacin ne manomi ke yanke shawarar abin da zai shuka da kuma faɗin gonar da zai iya ɗauka.