Darasi: Gasa ɓawon gyaɗa don anod ɗin batirin sodiyom

To jama'a, salamu alaikum, barkanmu da war haka daga nan Maradi. Yau anod za mu yi, wato ɓangaren da sodiyom ke shiga in ana caji. Girafayit, wato kabon mai shimfiɗu-shimfiɗu da ake anod ɗin batirin waya da shi, ba ya karɓar sodiyom sosai, tazarar shimfiɗunsa nanomita 0.335 ce kawai (nanomita ɗaya bisa biliyan na mita ne). Mu gawayi mai tauri muke so, mai tazarar 0.37 zuwa 0.40.

Ga ɓawon gyaɗar, an wanke, an shanya, an daka. Wankin asid na cire toka kun san shi, ba zan tsaya kansa ba. Mu je tanda. Ƙanena, buɗe argon tukuna, gas ɗin nan da ba ya barin abu ya ci wuta, kar ka kunna wuta, bar shi ya kore iskar bututun tandar. In ta rage ciki, toka za ku kwasa. A riƙa ƙara zafi digiri 5 duk minti, har 1200... a'a, sa 1300, awa 2. Ni nan na fi so. Ƙasa da 1000 ƙananan ramukan cikin gawayin a buɗe suke, mu kuwa rufaffu muke so, in kuwa kun zarce sosai shimfiɗun sai su matse, su kama hanyar girafayit. Ranar da kuran, wato wutar lantarki, ke wasa kada ma ku fara.

To, niƙa. Ku saurara da kyau, nan ake asara. Da an ji "nano" sai a niƙe shi luƙui. Gaskiya ne, in ƙwayar ƙarama ce tafiyar sodiyom ta gajarta, caji ya yi sauri. Amma fa kowace sabuwar fuska da kuka buɗe, ruwan batirin zai shimfiɗa mata fata a cajin farko, fatar nan kuma sodiyom take ci, ba ya dawowa. Kun gane? Ya shiga, bai fito ba. Nano ɗin a cikin ƙwayar muke nemansa, a shimfiɗu da rufaffun ramuka. Ƙwayar kanta ku bar ta a 'yan mikiron (mikiron ɗaya nanomita dubu ne).

Kwaɓi kuwa, CMC, wato wani garin danƙo mai riƙe ƙwayoyin, da ruwa, ya fi araha. A shafa kan alminiyom, ba sai tagulla ba, sodiyom ba ya haɗewa da alminiyom. In an dace za ku ga kusan mAh 300 a giram, wato yawan cajin da yake ɗauka ke nan. Wajen gwajin caji mai sauri ku sa ido ƙasa da bolt 0.1, nan sodiyom ke iya kwanciya bisa fuska.

Masu son gasasshen gari, akwai, ku rubuto mana. Miƙo min turmin can.