Waƙoƙin da ba sa cikin albam

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka daga nan Ingila. Bari in matso da kyamara. Kun ga wannan siririyar takarda mai rubutun Japananci da ta naɗe gefen akwatin CD ɗin? Obi ake ce mata, kuma wurin masu tara faifai, bugun Japan da ya rasa ta darajarsa ta ragu. Kada ku kuskura ku yar da ita.

Wani zai ce, me ya kai ka sayen faifai tun daga Japan alhali waƙar tana cikin wayarka? To ai ba duka ke cikin waya ba. A Japan kamfani ne ke yanka farashin faifan da aka buga a gida, sai ya zama ya fi wanda aka shigo da shi tsada. Don kada masu saye su gudu, sai a ƙara musu waƙa ɗaya ko biyu da babu su a bugun Amurka da Turai, a haɗa da ɗan littafin baitoci da fassararsu. Wannan ƙarin nake bi.

Ga kuma waɗannan biyun, waƙa ɗaya ce a gaba amma bangonsu daban. A shekarun 1990 haka ake yi a nan Ingila: a fitar da CD1 da CD2, kowanne da nasa ƙarin, don masoya su sayi duka biyun waƙar ta hau sama a jadawalin ciniki. Dabarar kasuwa ce, ba musu, amma mun ci ribarta, domin a nan ake zuba ɗaukar wasan kai tsaye, da ɗaukar gwaji tun sautin yana ɗanye, da waƙoƙin magabata da ƙungiya ta sake rerawa. Ku dubi Metallica, ƙungiyar kiɗan rock ta Amurka. A gefen baya na ƙaramin faifansu na 1984 ne suka sa waƙoƙin Diamond Head da Blitzkrieg, ƙungiyoyin Ingila da suka yi koyi da su, sai a 1998 aka tattara irin waɗannan cikin kundi guda. Wanda yake da faifan 1984 ɗin ya daɗe da sanin inda sautinsu ya samo tushe.

Sai rimiks, wato sake haɗa sautin waƙar da aka riga aka fitar, inda nake raba gari da abokaina da yawa. Suna cewa da an sa na'ura an taɓa jita, kiɗan ya mutu. Ni ban yarda ba. Rimiks na ƙwarai yakan janye jitar gefe ka ji gangunan da bes su kaɗai, ka ji numfashin mawaƙi da hayaniya ta binne. Nine Inch Nails, wata ƙungiyar Amurka, sun ɗauki abin da gaske. Kundinsu na rimiks na 1995 iri biyu ne, na Amurka daban, na Ingila daban, jerin waƙoƙin bai zo ɗaya ba, kuma kusan kowane abin da suka fitar suna ba shi lamba a jere, wadda suke kira Halo. Da ka rasa lamba ɗaya, giɓin zai riƙa yi maka ƙaiƙayi a rai. Akwai rimiks na cika faifai kawai, kunne ne ke tantancewa.

Idan za ku fara, ku yi hattara da jabu. Ku nemi mai sayarwa ya ɗauko muku hoton lambar da ke zagaye da ramin tsakiya, ku gwada ta da wadda ke Discogs, shafin intanet na bayanan faifai. Ku kuma lissafa kuɗin aike da na kwastam tun kafin ku biya, don wani lokaci sukan zarce kuɗin faifan.

Ba zan iya kunna muku wannan ba saboda haƙƙin mallaka, za a toshe bidiyon. A na gaba zan fito da faifan garmaho masu inci 12, in nuna muku yadda nake wanke su da ajiye su a tsaye. Sai mun haɗu, ku huta lafiya.