Lauya sabon shiga da ƙofar da aka rubuta wa "sirri"

Assalamu alaikum. Ana ji na a baya can? To madalla. An ce in yi muku magana kan aikin lauya sabon shiga a fagen kare 'yancin jama'a idan ya haɗu da maganar tsaron ƙasa, kuma misalaina daga Amurka zan ɗauko su don can ne na fi sanin shari'o'in. Abu huɗu na rubuto a takarda, Allah Ya sa mu kai ƙarshensu.

Na farko, ta ina ake shiga. Yawanci ta gurbin shekara ɗaya ko biyu ne a ƙungiyoyi irin su ACLU, wato ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta Amurka, ko Center for Constitutional Rights da ke New York, ko Brennan Center, wani lokaci kuma da tallafin wata gidauniya kamar Skadden wadda tun 1988 take biyan albashin sababbin lauyoyi na shekara biyu. Albashin bai kama ƙafar na manyan kamfanonin lauyoyi ba, ga bashin karatu a wuya, shi ya sa dokar 2007 da ke yafe ragowar bashin bayan shekara 10 ana aikin jama'a take da muhimmanci gare su. Wannan kenan, ba zan daɗe a kai ba.

Na biyu, kuma a nan zuciyata take. Ku da kuke zaune kuna hango kanku tsaye gaban alƙali kuna zuba hujja, ko ba haka ba? To a wannan fagen rabin yaƙin, kai fiye da rabi ma, shi ne a bar ka ka shiga kotun tukuna. Sirri. Sirri shi ne katangar.

Bari in ba ku labarin da ba na gajiya da shi. A watan Oktoba na 1948 jirgin soja samfurin B-29 ya faɗi kusa da Waycross a jihar Jojiya, mutum 9 suka mutu, cikinsu har da injiniyoyi fararen hula. Matan uku daga cikinsu suka kai ƙara, suka ce a ba su rahoton binciken hatsarin. Rundunar sojan sama ta ce a'a, jirgin yana gwajin kayan sirri ne, fitar da rahoton zai cutar da tsaron ƙasa. A 1953 Kotun Ƙoli ta yarda, a shari'ar da ake kira Reynolds, kuma ku saurara da kyau, alƙalan ba su ga takardar da idonsu ba. Ba su gani ba! Maganar gwamnati kawai suka ɗauka. Sai a shekarar 2000, 'yar ɗaya daga cikin mamatan, wadda tana jaririya mahaifinta ya rasu, ta ci karo da rahoton ta intanet bayan an cire masa hatimin sirri. Me ke ciki? Labarin injin da ya kama da wuta da sakacin gyara. Babu bayanin kayan sirrin da aka ce ana karewa. Iyalan suka koma kotu, kuma ba su yi nasara ba. Amma wannan hukuncin na 1953 har yau da shi ake rufe ƙofa.

Da shi aka rufe wa Khaled El-Masri ƙofa. Ɗan ƙasar Jamus ne, aka kama shi a Masedoniya a ƙarshen 2003, aka miƙa shi ga CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, aka kai shi Afganistan, bayan watanni aka gane ba shi ake nema ba, aka ajiye shi a gefen hanya a Albaniya. Duniya duk ta karanta labarin a jarida, amma kotun Amurka ta kori ƙararsa a 2006 wai sauraron ta zai tona sirrin ƙasa. Sai a 2012 kotun kare haƙƙin ɗan adam ta Turai ta ce an azabtar da shi, ta kama Masedoniya da laifi. Mutum ya sha wuya a jikinsa, a ce masa abin da ya same shi sirri ne. Wallahi duk lokacin da na faɗi wannan sai na ji wani abu a ƙirjina.

To ina lauya sabon shiga a cikin wannan? Yana cikin takardu. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 1966, FOIA, ita ce makamin ƙaramin lauya. Kai za ka rubuta buƙatar, kai za ka ƙirga kwanaki, kai za ka rubuta ɗaukaka ƙara idan an yi maka shiru, in takardun suka zo kuma kai za ka zauna da su, shafi bayan shafi an shafe da baƙin tawada, wani shafin kwanan wata kaɗai aka bari. Kar ku raina kwanan watan nan fa. Ka jera shi da na wata takardar da wata hukumar ta saki ba ta shafe wannan layin ba, sai ka ga wa ya san me, kuma yaushe ya sani. A 2003 ACLU da wasu ƙungiyoyi suka nemi takardun yadda ake yi wa fursunoni a hannun Amurka, aka yi shekaru ana shari'a, shafi sama da 100,000 suka fito, har da takardun ma'aikatar shari'a da suka halatta azabtarwa waɗanda aka saki a Afrilun 2009. Wa kuke zaton ya karanta shafukan nan ɗaya bayan ɗaya? Irin ku ne, masu shekara ɗaya biyu da fitowa daga makaranta.

Wani lokaci ma ba za a ce maka akwai takardar ko babu ba. Amsar ita ce "ba za mu tabbatar ba, ba za mu musanta ba." Ana ce mata Glomar, daga sunan jirgin ruwan da CIA ta yi amfani da shi a 1974 wajen ƙoƙarin ɗago jirgin ƙarƙashin teku na Tarayyar Sobiyet. Har da CIA ta buɗe shafin Twitter a 2014, saƙonta na farko cewa ta yi ba za ta tabbatar ko ta musanta cewa wannan ne saƙonta na farko ba. (dariya) Eh, ku yi dariya, amma ranar da aka aiko muku da ita kan mutumin da matarsa ke kiran ku kullum, za ku tuna da ni.

Na uku... a'a, har yanzu cikin na biyun muke, ku yi haƙuri. Akwai maganar hurumin kai ƙara. A Fabrairun 2013 Kotun Ƙoli, alƙalai 5 da 4, ta kori ƙarar Amnesty da lauyoyi da 'yan jarida kan dokar sauraron waya ta 2008, wai ba su nuna an saurari wayoyinsu ba. Ta yaya za ka nuna abin da aka ɓoye maka? Wata huɗu bayan nan Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumar leƙen asiri ta NSA aiki, ya fitar da umarnin kotun sirri da ya tilasta wa kamfanin waya na Verizon miƙa bayanan kiran kwastomominta. ACLU kuwa kwastomar Verizon ce. Cikin kwanaki suka shigar da ƙara, a Mayun 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ce sashe na 215 na dokar yaƙi da ta'addanci ta Patriot Act bai ba da wannan iznin ba. Takarda ɗaya ta buɗe ƙofar.

Yanzu na ukun, da sauri. Mutanen da kake karewa. Kurkukun sojan Amurka na Guantanamo an buɗe shi a Janairun 2002, kusan mutum 780 suka ratsa ta cikinsa. Lauyan da ya je ganin wanda yake karewa sai an tantance shi, kuma abin da ya rubuta a ganawar sirri ne har sai an duba, ba zai ɗauko littafinsa ya tafi gida da shi ba. Ka koyi aiki da tafinta, ka koyi kar ka yi alkawarin da ba a hannunka yake ba, ka koyi sauraro.

Na ga hannu can. Bismillah, 'yar'uwa.

(Tambaya: Malam, duk shari'o'in da ka lissafa kusan faɗuwa ake yi. Mutum ya ba da ƙuruciyarsa ga abin da ya san zai faɗi?)

Allah Ya yi miki albarka, na huɗun ma a bar shi, wannan ta fi shi. Ba duka ake faɗuwa ba: hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Rasul a 2004 da ta Boumediene a 2008 sun ba fursunonin Guantanamo damar ƙalubalantar tsare su a kotu, shi Lakhdar Boumediene alƙali ya duba hujjar ya ce a sake shi, ya fita a 2009 bayan shekara bakwai. Amma gaskiyarki, ana faɗuwa da yawa, kuma akwai zafi.

Sai dai ki riƙe Fred Korematsu. A 1942 aka kwashe mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan da ke zaune a Amurka aka zuba a sansanoni bisa zargin za su iya cin amanar ƙasa, shi ya ƙi tafiya, aka kama shi, Kotun Ƙoli ta tabbatar da laifinsa a 1944. Kusan shekara 40 bayan nan wani malamin jami'a, Peter Irons, da wata mai bincike, Aiko Herzig-Yoshinaga, suka tono takardun da suka nuna gwamnati ta ɓoye wa kotu rahotannin da ke ƙaryata zargin cin amanar ƙasa. Lauyoyin da suka ɗauki shari'ar, Dale Minami a gaba, matasa ne, da yawansu iyayensu sun zauna a sansanonin nan, kuma kyauta suka yi aikin. A Nuwambar 1983 alƙaliya Marilyn Hall Patel a San Francisco ta soke hukuncin da ya same shi da laifi, Korematsu yana zaune a kotun, dattawan da aka tsare tare da shi sun cika benci.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. 'Yar'uwa, ki tsaya bayan an tashi, ke da duk mai so, in nuna muku yadda ake rubuta buƙatar FOIA ta farko, na zo da samfuri a jaka.