Taswirar Asiya da ke ɓoye cikin sunayen malaman hadisi

Assalamu alaikum, malamai 'yan uwa. Shiga aji ka tambayi ɗalibai abin da suka sani game da Asiya, za ka ji fim ɗin Indiya da wayar China. Amma tambaye su wa ya ruwaito hadisin niyya, nan take aji zai ɗauka baki ɗaya: Buhari da Muslim. To, a ganina daga nan darasin ya kamata ya tashi.

Rataya taswira, in babu ka zana da alli. Ka faɗa musu cewa Buhari laƙabin gari ne, kamar yadda muke cewa Bakano ko Bazazzagi. Garin shi ne Bukhara, a Uzbekistan ta yau. Can aka haifi Imam Buhari a shekarar 810, ya rasu a 870 a ƙauyen Khartank kusa da Samarkand. Tirmizi mutumin Tirmiz ne, a bakin kogin Amu Darya, ana hangen Afganistan daga tsallake. Muslim ɗan Naisabur ne a Iran, Nasa'i kuma daga Nasa yake, kusa da Ashgabat, babban birnin Turkmenistan. Kowane yaro ya fito ya ɗora yatsa a kan gari ɗaya. Sunayen da ya haddace tun a Islamiyya sai su koma ƙasa mai koguna da kasuwanni.

Sannan ka jefa musu tambaya: a kan me waɗannan bayin Allah suka yi rubutu?

Amsar za ta ja ku gabas, har China. A shekarar 105 wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun ya gabatar wa sarki takardar da aka yi da ɓawon itace, tsummokara da tsohuwar komar kamun kifi. A 751 dakarun Abbasiyawa suka gwabza da na daular Tang ta China a bakin kogin Talas, kuma ana ba da labarin cewa fursunonin wannan yaƙi ne suka koya wa mutanen Samarkand sana'ar. Kafin ƙarni na 8 ya ƙare ana yin takarda a Bagadaza. Ta fi fata araha nesa ba kusa ba, littattafai suka yawaita, kuma a wannan zamani ne Buhari ya taso.

Wannan ɓangare kada a bar shi a baki kawai. A jiƙa tsofaffin jaridu su kwana, a kirɓa a turmi, a baza a kan rariya, a shanya a rana. Yaron da ya ɓamɓaro takardar da ya yi da hannunsa zai daɗe bai manta da Samarkand ba.

Abu ɗaya nake roƙo, kada darasin ya tsaya kan Musulmi kaɗai. Hanyar fataken siliki da ta kawo takarda yamma, ita ce addinin Buddha ya bi daga Indiya zuwa China, har yau akwai kufan wuraren ibadarsu a gefen Tirmiz. Malamin lissafi ma yana da rabo: lambobin da yara ke rubutawa daga Indiya suka fito, Al-Khawarizmi ya yi bayaninsu da Larabci a Bagadaza, kuma sifilin da muke faɗa daga sifr ta Larabci ya samo asali, wato wofi. Ku gayyace shi ajin ranar, ya riƙe allin na minti goma.