Kafin a ga wata: laccar shirin azumi da aka gabatar a Birnin Kebbi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Jama'a, assalamu alaikum. Na baya ku matso, akwai wuri nan gaba, malam ba ya cizo. Iyayenmu mata da ke bayan labule, in lasifikar ba ta isa gare ku, a aiko yaro ya faɗa.

Yau goma ga Sha'aban. Abin da ya rage mana bai kai mako uku ba. Abubuwa biyar za mu taɓa in Allah ya yarda, in kuma lokaci ya yarda.

Na farko, mu san watan da muke ciki. An wajabta azumin Ramadana a shekara ta 2 bayan hijira, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya azumci Ramadana tara kafin ya bar duniya. Usama ɗan Zaidu ya tambaye shi dalilin da ya sa yake yawaita azumi a Sha'aban, ya ce wata ne da mutane ke gafala da shi tsakanin Rajab da Ramadana, a cikinsa ake ɗaga ayyuka zuwa ga Ubangiji, kuma yana son a ɗaga aikinsa yana mai azumi. Nasa'i ya ruwaito. Ke nan mai iko ya ɗan kama Litinin da Alhamis, jiki ya saba, don kar ranar farko ta kwantar da shi da ciwon kai, musamman masu shan shayi sau uku a rana. Sun san kansu.

Na biyu, kuma nan ne zan daɗe, ku yi haƙuri: ramuwa. Wa ake bi azumin bara? Kar kowa ya ɗaga hannu, ka amsa a zuciyarka. Wanda ya sha saboda tafiya, wanda zazzaɓi ya kayar, mata da al'ada ko biƙi, duk bashi ne. Mai bashi kuwa ba ya komawa wurin ɗan kasuwa ya ce a ƙara masa sabon kaya alhali bai ko yi maganar tsohon ba. Uwar muminai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce takan kasance da ramuwa ba ta samun biya sai a Sha'aban. Buhari da Muslim suka kawo. Daga nan malamai suka fahimci cewa akwai yalwa, amma yalwar tana da iyaka, iyakar kuwa ita ce kamawar wani Ramadanan.

To ga lissafin, ku saurara da kyau. A mazhabar Imamu Malik da muke kai, idan ana bin ka kwana bakwai, ya rage kwana bakwai Sha'aban ya ƙare, kana gida, kana lafiya, ka ƙi ramawa har wata ya kama, sunanka mai sakaci. Bayan Sallah za ka rama bakwai ɗin, sannan ka ciyar, mudu ɗaya a kan kowace rana. Idan kuwa a waɗannan kwanakin na ƙarshe ciwo ya kama ka ya zarce har cikin azumi, ramuwa kawai za ka yi, babu ciyarwa. Haka yake a Muhtasar na Shaihu Halilu. Amma kar wani ya ce bari in jira kwanakin ƙarshe. Sha'aban yana iya yin 29, yana iya cika 30, kai ka yi lissafinka a kan 29. Mata kuma ku duba kwanakinku, ku fara tun yanzu. Tun yanzu, na ce. Gobe ma rana ce ta azumi.

Mudun da ake nufi mudun Annabi ne, cikin tafin hannu biyu a haɗe na mutum matsakaici, ba a tsuke ba, ba a baje ba. Ba mudun kasuwar Jega ba ne, ba tiya ba ce. Guda huɗu irinsa su ne sa'i, wanda muke fitar da zakkar kono da shi. Ana bayar da abin da mutanen gari suka fi ci: gero, dawa, shinkafa. Mu nan Kabi shinkafa ba ta yi mana wuya ba, alhamdu lillahi. Ga inda ake yawan kuskure: mutum ya auna mudu bakwai ya zuba a buhu ɗaya ya miƙa wa almajiri guda, ya ce ya gama. A mazhaba kowane mudu miskininsa daban, abin da ya ƙaru a kan mudu ɗaya ga mutum ɗaya ba a lissafa shi. Kwana bakwai, miskinai bakwai. Kuma ko ramuwar ta kwana shekara uku a kanka, mudun ba ya ninkuwa a wurin Malikiyya. Shafi'iyya ne ke ninkawa. Wannan ba izinin ƙara shekara ba ne, Alhaji, na ga kana murmushi.

Mai ciki da ta ji tsoro ga kanta ko abin da ke cikinta ta sha, ramuwa ce a kanta, ba ciyarwa, bisa mashahurin zance. Mai shayarwa kuwa, idan ta ji wa jaririn tsoro, ba a samu wadda za ta shayar mata ba, ko yaron ya ƙi karɓar wani nono, ta sha, ta rama, ta kuma ciyar. Tsoho tukuf da ba zai iya ba ko kaɗan, babu ramuwa a kansa, an so dai ya ciyar. Duk wannan yana cikin Risala, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, sai dai mun bar ta a zauren. Magidanta, ku tambayi iyalanku. Akwai matar da tsakanin ciki da goyo ramuwa ta taru mata har ta rasa adadi, kunya ta hana ta faɗa. A zauna da ita a ƙirga shekara-shekara, inda aka yi kokwanto a ɗauki mafi yawa, ta riƙa ragewa daidai ƙarfinta. Ba dole ne a jera ramuwa ba, jerawa mustahabbi ce. Kuma hatsin ciyarwar, taimaka mata da shi, kar ka tsaya tambayar wa ya wajaba a kansa.

Wani abin kuma, ramuwa tana gaban nafila. An karhanta mutum ya tafi nafila da farilla a wuyansa. Sai ka ga an yi Sitta Shawwal, an yi Arfa, an yi Tasu'a da Ashura, kwana huɗun da aka sha a hanyar Legas suna nan ba a taɓa ba.

Na uku... ko na huɗu ne? To, niyya. A kwana da ita kafin alfijir. A wurinmu niyya ɗaya a daren farko ta wadatar wa wata duka, sai in azumin ya yanke da tafiya ko ciwo ko al'ada, sai a sabunta. Wurinta zuciya, ba sai an furta ba. Kuma kar a tari Ramadana da azumin kwana ɗaya ko biyu da sunan wai ko da wata ya kama, hadisi ya hana, sai wanda ya dace da azumin da ya saba. Mai ramuwa, ka ga mun sake komowa, ya halatta ya rama a ranar shakka, wato ranar da ake kokwanto ko ƙarshen Sha'aban ce ko farkon Ramadana, amma in ta bayyana ranar Ramadana ce, bai samu ko ɗaya ba, bashi ya zama biyu.

Alƙur'ani, da sauri. Izu sittin ne, izu biyu a rana sauka ke nan a kwana talatin. Izu biyu sumuni goma sha shida ne: uku bayan kowace salla, ɗaya kafin barci. Mai bugun Madina, shafi huɗu bayan kowace salla. Fara da rabin haka daga daren nan, harshe ya warware. Ka kuma zaɓi wurin tafsiri ɗaya ka lizimce shi. Ƙasar da Shehu Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafin tafsirin nan Liya'ut Tawili bai kamata a ce ɗanta ya ƙare wata yana yawo daga wannan majalisi zuwa wancan neman inda aka fi ba da dariya ba.

Sai maganar gaba da juna. Muslim ya ruwaito cewa ana bijiro da ayyuka Litinin da Alhamis, a gafarta wa duk wanda ba ya shirka, ban da mutum biyu da ke gaba da juna, sai a ce a jinkirta wa waɗannan har su shirya. Ba ya halatta ka ƙaurace wa ɗan'uwanka fiye da kwana uku. Rikicin gadon gona, iyakar fadama, kuɗin adashe: sallama ita ce mafi ƙarancin abin da ke fitar da kai, maganar haƙƙi kuma a kai ta gaban manya ko alƙali. Masu ciwon suga da gyambon ciki, ku ga likita a makon nan a gyara muku lokutan magani. Masu aikin rani a fadama, a mayar da aiki mai nauyi sassafe... na'am? Akwai tambaya? A ba shi abin magana.

Mai tambaya: Allah gafarta malam, ni ɗan Kamba ne, ina harka tsakanin Kamba da Gaya ta Nijar. Wani lokaci Nijar su riga mu ɗauka da kwana ɗaya. Wanne zan bi?

Madalla. Malamai sun yi saɓani tun da can a kan ko ganin wani gari yana lizimtar wani. Muslim ya kawo labarin Kuraibu: an ga wata a Sham daren Juma'a, a Madina daren Asabar, Ibnu Abbas bai bi ganin Sham ba. Abin da zai hutar da kai, ɗan'uwa, ka bi jama'ar da kake cikinta. In daren ya same ka a Kamba, ka jira sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. In a Gaya ka kwana, ka ɗauka tare da su. Idan kai da idonka ka ga wata, azumi ya hau kanka, kuma wajibi ne ka kai wa hakimi ko kwamitin ganin wata labari, ba ka fara ɗorawa a WhatsApp ba. In ka fara a nan ka ƙare a can, ka yi Sallah da mutanen wurin, sannan ka ƙirga. In ka samu 29, shi ke nan. In 28 ne, wata ba ya yin 28, ana bin ka kwana ɗaya. Ladan yana duba agogo, sauran tambayoyin a rubuto a takarda, bayan isha'i.