Hijirar Da Ta Riga Ta Madina: Labarin Sahabbai A Habasha

Assalamu alaikum warahmatullah 'yan uwa, barkanmu da wannan lokaci.

Idan akace hijira yawancinmu Madina ce take faɗo mana a rai, kogon Saur, Sayyidina Abubakar, taguwar Manzon Allah SAW, kuma daidai ne tunda da ita ake ƙirga shekarunmu na musulunci. To amma shekara bakwai kafin wannan akwai wata hijirar da akayi, kuma nan nahiyarmu ta Afirka aka nufo, wajen wani sarki Kirista. Ita zamu zauna akai yau.

Mu ɗan koma baya kaɗan. An fara saukarwa Manzon Allah SAW wahayi a kogon Hira wajen shekara ta 610, yana ɗan shekara 40. Kusan shekara uku ana kira a ɓoye, da aka fito fili kuwa sai Ƙuraishawa suka tashi haiƙan. Shi Annabi SAW yana da baffansa Abu Ɗalib wanda ya tsaya masa, to amma wanda bashi da dangi masu ƙarfi fa? Bilal, Umayya bin Khalaf yake fitar dashi tsakar rana ya kwantar dashi a kan rairayi mai zafi a ɗora masa dutse a ƙirji shi kuwa ba abinda yake cewa sai Ahad, Ahad. Gidan Yasir gaba ɗaya ake azabtar dasu har Abu Jahal ya kashe Sumayya, itace shahida ta farko a musulunci. Khabbab kuwa a kan garwashi ake kwantar dashi. Su kansu 'ya'yan manyan gida basu tsira ba, danginsu ne suke ɗaure su a cikin gida.

Da abin yayi yawa sai Manzon Allah SAW yace musu su fita zuwa ƙasar Habasha, domin akwai wani sarki a can da ba a zaluntar kowa a wajensa, su zauna har Allah ya kawo musu mafita. Dan Allah ku lura da abinda aka yabi sarkin dashi, adalci. A lokacin bai musulunta ba, shi da mutanensa Kiristoci ne, amma Annabi SAW ya damƙa masa amanar mutanen da yafi so har da 'yar cikinsa.

Habashar wancan zamani itace daular Aksum, wato arewacin Itofiya na yanzu da Eritiriya. Sarkin kuma shi ake kira Najashi, amma wannan laƙabin sarauta ne, sunansa na yanka As'hama. Kuma Ƙuraishawa sun san ƙasar sarai don suna zuwa fatauci can. Abin mamaki ma, Abraha mai giwa da yazo rusa Ka'aba a shekarar da aka haifi Annabi SAW shima ɗan Habasha ne, daga Yaman ya taso da rundunarsa.

A watan Rajab shekara ta biyar da aike, wajen 615 kenan, ayari na farko ya sulale, mutum goma sha wani abu ne maza da mata, cikinsu akwai Usman bin Affan da matarsa Nana Ruƙayya 'yar Manzon Allah SAW. Suka nufi gaɓar teku a Shu'aiba, Allah ya taimake su suka tarar da jiragen ruwa guda biyu na 'yan kasuwa suka biya suka shiga, kafin 'yan bin sahu su iso har jirgi ya yi nisa a Bahar Maliya. Basu daɗe ba sai jita-jita ta same su wai mutanen Makka sun musulunta, wasu suka tattaro suka dawo, sai da suka kusa gari suka gane ba haka bane, azabar ma ƙaruwa tayi. Shine aka sake fita karo na biyu, wannan karon maza sun kai 83 banda mata da yara, cikinsu akwai Ja'afar bin Abi Ɗalib, yayan Sayyidina Ali, da matarsa Asma'u bint Umais.

Ƙuraishawa fa abin ya tsaya musu a rai. Suka zaɓi mutum biyu masu wayo da iya baki, Amru bin As da Abdullahi bin Abi Rabi'a, suka haɗa musu tsaraba mai yawa musamman jemammiyar fata wacce mutanen Habasha suke so sosai. Amru kuwa ya san hannunsa, bai fara da sarki ba, sai da ya bi manyan fada ɗaya bayan ɗaya kowa ya bashi nasa, yace idan munyi magana gaban sarki ku goya mana baya ya miƙo mana su ba sai ya saurare su ba. Abinda suke tsoro kenan, kada a ji ta bakin musulmai. Nana Ummu Salama tana cikin waɗanda suke can, kuma daga bakinta aka ruwaito labarin nan dalla dalla.

Suka shiga fada suka ce wasu wawayen samari ne suka bar addinin iyayensu kuma basu shiga naka ba, sun ƙago wani sabo da mu da kai bamu sanshi ba, iyayensu ne suka turo mu mu mayar dasu. Fadawa suka ce gaskiya suka faɗa ranka ya daɗe. Sai sarki ya fusata, yace mutanen da suka zaɓe ni suka bar kowa suka sauka a ƙasata bazan miƙa su ba sai na ji daga gare su.

Aka kira su, Ja'afar ya miƙe. Wallahi duk sanda na karanta jawabin nan sai naji tsigar jikina ta tashi, don bai zagi kowa ba, bai ƙara gishiri ba, halin da suke ciki kawai ya faɗa. Yace ya kai sarki, mu mutanen jahiliyya ne a da, muna bautar gumaka muna cin mushe muna aikata alfasha muna yanke zumunci muna cutar maƙwabci, mai ƙarfi cikinmu yana cinye mai rauni, har Allah ya aiko mana Manzo daga cikinmu, mun san asalinsa da gaskiyarsa da amanarsa da kamun kansa, ya kira mu mu kaɗaita Allah, ya umarce mu da faɗin gaskiya da riƙon amana da sada zumunci da kyautatawa maƙwabci, ya hana mu zubar da jini da cin dukiyar maraya da yiwa mata kamammu ƙazafi. Muka gaskata shi, shine mutanenmu suka far mana da azaba don su mayar damu ga gumaka, da suka ƙuntata mana muka fito zuwa ƙasarka muna fatan baza a zalunce mu a wajenka ba.

Sarki yace kana da wani abu daga abinda ya zo dashi? Ja'afar ya karanta masa farkon Suratu Maryam. Najashi yayi kuka har gemunsa ya jiƙe, malaman cocinsa ma suka yi kuka har suka jiƙa littattafansu, yace wannan da abinda Annabi Isa ya zo dashi daga fitila ɗaya suka fito, ku tafi, bazan baku su ba.

Amru bai haƙura ba. Washegari ya koma yace ranka ya daɗe tambaye su me suke cewa akan Isa ɗan Maryam, don ya san nan ne saɓanin yake. Ummu Salama tace basu taɓa shiga tashin hankali irin na ranar ba, suka yi shawara suka ce abinda Annabinmu ya zo dashi shi zamu faɗa ko me zai faru. Ku duba fa, baƙi ne a ƙasar mutane, bayansu teku, can tsallaken kuma waɗanda suka azabtar dasu suna jira. Ja'afar yace shi bawan Allah ne kuma Manzonsa, ruhi ne daga gare shi, kuma kalmarsa ce da ya jefa ga Maryam budurwa. Sarki ya ɗauki ɗan tsinke a ƙasa yace Isa bai wuce abinda ka faɗa ba ko da gwargwadon tsinken nan. Fadawa suka fara gunaguni yace ko kunyi gunaguni, ya cewa musulmai ku tafi kuna cikin aminci a ƙasata, ya sa aka mayarwa su Amru tsarabarsu. Shi Amrun nan daga baya ya musulunta, shine ma ya buɗe Masar.

Zaman nasu ya daɗe, an haifi 'ya'ya a can irin su Abdullahi bin Ja'afar, da Ummu Khalid wacce daga baya Annabi SAW ya saka mata riga yana ce mata sanah sanah, wato kyakkyawa da yaren Habasha. Akwai lokacin da wani ya tayarwa Najashi da yaƙi, sahabbai suka duƙufa yi masa addu'a, Zubair bin Awwam yana matashi ya hura salka ya ɗaura a ƙirji ya ninƙaya ya tsallake kogi don ya ɗauko musu labari, ya dawo yana ɗaga mayafinsa yana albishir sarki yayi nasara. A can kuma aka ɗaura auren Nana Ummu Habiba 'yar Abu Sufyan da Manzon Allah SAW, Najashi ne ya biya sadakin.

Ja'afar da sauran waɗanda suka rage basu iso wajen Annabi SAW ba sai shekara ta 7 bayan hijira, sama da shekara goma a baƙuwar ƙasa, suka tarar an ci Khaibar. Annabi SAW ya sumbaci goshinsa yace ban san wanne yafi faranta min rai ba, buɗe Khaibar ko dawowar Ja'afar. Wata rana Sayyidina Umar yace da Asma'u mun riga ku hijira, ranta ya ɓaci ta kai magana gaban Annabi SAW, yace mata su hijira ɗaya gare su, ku mutanen jirgi kuna da biyu.

Najashi ya musulunta amma bai taɓa ganin Annabi SAW ido da ido ba. A shekara ta 9 bayan hijira, ranar da ya rasu, Manzon Allah SAW ya sanar da sahabbai a Madina yace yau wani mutumin kirki ya rasu, ku tashi ku yiwa ɗan uwanku As'hama sallah. Suka fita filin sallah suka yi sahu, ya yi kabbara huɗu, gawar kuwa tana can tsallaken teku. Daga nan malamai suka samo asalin salatul ga'ib, wato yiwa mamaci sallah alhali gawarsa tana wani waje. Har yau idan kaje yankin Tigray akwai wani gari da ake kira Nagash kusa da Wukro, da masallacinsa mai sunan Najashi, da kaburburan da mutanen wajen suke cewa na sarkin ne da wasu daga cikin sahabban da suka rasu a can basu samu komawa gida ba.