Abincin Meziko na Asali Yana Bayan Shagon Mahauci

Dubi wannan shagon da kyau. Daga waje kayan cefane ne kawai: busasshen barkono, lemon tsami, gwangwanaye jere a kanta. To biyo ni ciki. Mu wuce gaban mahauci, mu shiga can ƙurya. Ga 'yan tebura, ga faffaɗan kaskon ƙarfe, ga wata baiwar Allah tana juya tortilla, wato gurasar masara ta mutanen Meziko.

Muna unguwar Pilsen ne a birnin Shikago na Amurka. Sunan ma ba na Meziko ba ne. 'Yan ƙasar Cek da suka zauna nan a ƙarni na 19 ne suka raɗa mata sunan wani birninsu. Daga shekarun 1950 zuwa 1960 'yan Meziko suka cika ta, da yawansu bayan an rushe gidajensu a wata unguwa ta kusa don gina wa Jami'ar Illinois wata haraba da aka buɗe a 1965. Ka sauka a tashar jirgin ƙasa ta titi na 18, zane-zanen bango su za su fara gaya maka inda ka zo.

Me ya sa irin waɗannan wurare suke ɓuya a lungu? Hayar babban titi tsada gare ta. Kuma mai wannan wurin ba baƙi yake jira ba. Magina ne da direbobi da matan unguwa suke ci a wurinsa, sun san ƙofar tun tuni, allon talla na me?

Yadda za ka gane ka faɗo wurin kirki kuwa, ka kalli taco ɗin. Tortilla ƙanana guda biyu a haɗe, masu laushi, da nama, albasa, wani ganye mai ƙamshi da ake kira cilantro da yankan lemon tsami. In ka ga ɓawo mai ƙaras-ƙaras an tula masa cuku ruwan ɗorawa, wannan salon Amurka ne. Ba laifi ba ne cin sa, amma ni dai ba don shi zan ratsa lungu ba.

Ƙamshin nan da ke tashi na masarar da aka dafa da ruwan farar ƙasa ne kafin a niƙa. Suna kiran ta nixtamal. Dabara ce ta dubban shekaru, tana sa ƙullun ya yi danƙo, kuma jiki ya iya cin moriyar wani bitamin mai suna niacin da ke cikin ƙwayar. Duk wanda ya san aikin kanwa a girki ba zai yi mamaki ba.

Yanzu ka kasa kunne, musamman in kai Musulmi ne. Naman can da ke juyawa a sanda kamar shawarma, sunansa al pastor. Asalinsa ma daga shawarmar ne, 'yan Labanan da suka yi ƙaura zuwa Meziko suka kai salon. Amma naman alade ne. Carnitas ma alade ne. Sannan wake da tamales, wato ƙullun masara da ake naɗewa a turara, sau da yawa da kitsen alade ake yin su, ko ba ka ga nama a ciki ba. Kalmomi biyu za ka riƙe: puerco, wato alade, da manteca, wato kitsensa. Ka yi tambaya, ba kunya a nan.

Birria ta akuya, wadda ta fito daga jihar Jalisco, farfesu ce mai jan barkono, wurare da dama Asabar da Lahadi kawai suke yin ta. Sai dai batun yanka yana nan, ka bincika. In zuciyarka ba ta kwanta ba, akwai taco na kifi, akwai na nopales, wato ganyen wani kaktus da ake kankare wa ƙaya a gasa.

Sai abin sha. Farin nan horchata ne, na shinkafa da kirfa. Na kusa da shi tamarindo, tsamiya ke nan. Jan kuma, agua de jamaica. Kurɓi ka ji. Zoɓo ne! Meziko na cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon Najeriya, don haka ba abin mamaki ba ne in wanda ke cikin kofin nan a wata gona ta Jigawa aka tsinke shi.